Noma da cimaka a Boɗinga da Shagari: daga wannan kaka zuwa waccan

Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na daga cikin yankunan jihar Sakkwato, a arewa maso yammacin Najeriya, inda akasarin abin da jama'a ke ci yake fitowa daga gonakin da ke kewaye da su.

Abin da ake girkawa a gida kan sauya ne gwargwadon inda shekara ta kai: sabon gero da kaka, ɗanyen kayan lambu da sanyi, busasshen kayan miya da bazara, sannan ganyaye idan damina ta zauna.

A Turai da Amurka an daɗe ana kiran jama'a da su koma ga irin wannan tsari, wato sayen abinci daga manomin da ke kusa da kuma cin kowane abu a lokacinsa. A nan kuwa haka rayuwa take tun fil azal. Abin da ke ci wa magidanta tuwo a ƙwarya shi ne yadda amfanin da aka samu cikin 'yan watanni zai kai iyali har wata kakar, da kuma ko manomin zai mayar da abin da ya kashe.

Yankin

Garin Boɗinga yana kudu maso yamma da birnin Sakkwato, a kan babbar hanyar da ta bi ta Shagari da Tambuwal ta nufi Jega a jihar Kebbi. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Boɗinga na da mutane kimanin dubu 175, ita kuma ta Shagari kimanin dubu 156.

Wurare ne masu tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, yayin da ƙanensa Malam Abdullahi ya yi zama a Boɗinga. Garin Shagari kuma shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, ya kuma rasu a watan Disamban 2018.

Ƙasar noma iri biyu ce. Akwai tudu, mai jigawa, wanda ya dogara kacokan a kan ruwan sama, inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai kuma fadama, mai laka da danshi, inda ake yin shinkafa da damina, a yi lambu da rani. Tudu ya fi fadama yawa nesa ba kusa ba, saboda haka ba kowane gida ne ke da wurin da zai yi noman rani ba.

Ruwan sama kan sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma abin da ake samu a shekara ya kan tsaya a tsakanin milimita 600 zuwa 700. Sauran watanni takwas ɗin kusan babu ko ɗigo. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos.

Yadda shekara ke juyawa

Manoma ba sa lissafin noma da watannin Musulunci, domin waɗannan na matsawa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara. Dattawa da malamai kan yi amfani da lissafin taurari 28 da aka gada daga Larabawa, kowane tauraro da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Taurari irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha su ne na tsakiyar damina.

Da ruwan shuka ya sauka, gero ake fara sakawa, sau da yawa a haɗa shi da dawa, daga baya a bi da wake a tsakanin kunyoyi. Wannan haɗin ba don ƙarancin fili kawai ake yin sa ba. Gero na nuna cikin kimanin wata uku, dawa ta fi shi jinkiri, wake kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi, har ya bar harawa ga dabbobi. Idan ruwa ya ɗauke da wuri aka rasa ɗaya, akwai fatan samun ɗayan.

Tsakiyar damina, musamman watannin Yuli da Agusta, shi ne lokaci mafi tsanani a shekara. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, aikin noma ya kai ƙarshen nauyinsa, ga kuma zazzaɓin cizon sauro. A wannan lokaci ne tafasa da rama da zogale da lalo da yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure, suke rufa wa gidaje da dama asiri. Akan dafa su a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ko a yi dambu da ɗan garin da ya saura.

Fitowar tumu, wato sabon geron da ake gasawa a ci, ita ce alamar farko ta cewa an kusa fita daga ƙunci. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba ake girbi a ɗaure dammuna. Fura kan yi araha, nono kan wadata saboda shanu sun ƙoshi da ciyawa, kabewa da ɗanyar kuɓewa da dankali su cika kasuwa. Yawancin bukukuwan aure ma a wannan lokaci ake tsayar da su.

Da hunturu ya shigo sai aiki ya koma fadama. Sanyin watannin Disamba zuwa Fabrairu ne ke ba albasa da tumatir da tattasai da alkama da latas da kabeji damar yin kyau, abin da zafin bazara ba ya bari. Daga nan kuma, cikin Maris da Afrilu, sai mangwaro ya fito.

Itatuwan gona da na daji suna da nasu lokacin. Kuka da tsamiya da ɗorawa, wadda ake yin daddawa da kalwarta, da magarya da kanya da ɗinya da aduwa da goruba, duk suna cike wani gurbi a cimaka, kuma galibi mata da yara ne ke tattara su. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, manoma kan bar shi a tsakiyar gona domin ba ya tare wa shuka rana, ga shi kuma yana ciyar da dabbobi.

Noman rani

Kafin zuwan injuna, da jigo da ƙwarya ake ban ruwa, aikin da ba ya barin mutum ya wuce 'yan fangaloli kaɗan. Saboda haka maza da yawa, da zarar an kammala girbi, sai su kama hanyar ci-rani. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka gudanar a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa masu ci-rani sama da dubu 200 da suka ratsa lardin Sakkwato suka yi kudu, akasarinsu 'yan lardin. Tafiyar na kawo kuɗi, tana kuma rage bakunan da ke cin hatsin rumbu.

Gwamnatocin Najeriya sun fara ne da manyan madatsun ruwa. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. An kammala madatsar Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978, sai ta Goronyo a 1984. Aikin Bakolori ya bar tabo: a watan Afrilun 1980 jami'an tsaro sun buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da dama. A garin Shagari ma akwai madatsar ruwa, ko da yake ba ta kai waɗancan girma ba, wadda ake noman rani da kamun kifi a kewayenta.

Sai dai abin da ya fi sauya rayuwar ƙaramin manomi shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, tare da rijiyar bututu marar zurfi da ake haƙawa a cikin fadama. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, ya yaɗa wannan fasaha, kuma Sakkwato na cikin jihohin da aka fi mayar da hankali a kansu. Mutum ɗaya da injinsa na iya shayar da filin da a da sai an tara gayya.

Wannan ci-gaban ya ɗaura noman rani a kan farashin mai. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira dubu a ƙarshen 2024. Wasu manoma a arewacin ƙasar sun mayar da injunansu masu aiki da iskar gas, masu hali kuma suka sayi famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ya cin mai amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin talaka.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da la'akari da wannan bambancin wahala. Zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar kashi ɗaya ce cikin goma, ta wanda aka shayar da ƙarfi ko da kuɗi kuwa kashi ɗaya cikin ashirin.

Adana amfani

Idan ana maganar cin amfanin gida duk shekara a irin wannan yanki, to maganar adanawa ake yi.

Gero da dawa ba su da matsala sosai. Idan aka zuba su a rumbun ƙasa da zangarniyarsu, ba a sussuka ba, suna iya wuce shekara. Wake ne mai wuyar sha'ani, domin ƙwari kan cinye shi cikin 'yan watanni. Wannan ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba masa maganin ƙwari mai haɗari ga lafiya, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani, wato buhu mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Manoma sun san shi da buhun PICS.

Kayan miya kuwa rana ce ke adana su. Ana yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, a busar da tattasai da barkono da kuɓewa, a daka ganyen kuka, ganyen albasa kuma a kirɓa shi a dunƙula gabu. Da waɗannan ake miya a watannin da ɗanyen tumatir ke gagarar mai ƙaramin ƙarfi. Illar ita ce sau da yawa a ƙasa ake shanyar, ko a gefen kwalta, inda ƙura da dabbobi ke bi ta kai. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera na'urorin busar da amfani da hasken rana, amma har yanzu shanya a fili ita ce abin da aka fi gani a ƙauyuka.

Albasa, wadda jihohin Sakkwato da Kebbi suka yi suna a kanta, tana da nata labarin. Ana cire ta da yawa ne a ƙarshen sanyi, lokacin da kowa ke da ita, farashi kuma ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe ta har damina ya kan sayar da ninkin-ba-ninkin. Akan jera ta a rudu, wata rumfa ta kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta ratsa, amma duk da haka zafi da danshi kan lalata kaso mai yawa kafin lokacin sayarwa ya zo.

Sayarwa da araha, saye da tsada

Babban abin da ke hana ƙaramin manomi cin moriyar guminsa shi ne lokacin da yake sayarwa. Da kaka ne bashin taki ke jiransa, da kuɗin makaranta, da hidimar aure ko suna. Dole ya fitar da hatsi a lokacin da ya fi kowane lokaci araha. Dillalai da masu kuɗi su saye su tara. Idan Yuli ya zo, rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya auni geron da mai yiwuwa daga ƙauyensu ya fito, a farashin da ya ninka.

Ana yawan ɗora laifin a kan masu ɓoye hatsi, kuma ba za a wanke su duka ba. Amma ajiyar ita kanta aiki ce da dole wani ya yi. Abin tambaya shi ne me ya sa manomin ba shi da halin yin ta da kansa, amsar kuma ba ta wuce rashin rance mai sauƙi da kuma rashin wurin ajiya mai inganci.

Kayan gwari kuma, kasuwarsu ta gaske tana can nesa. Jama'ar yankin ba za su iya cinye albasa da tumatirin da ake nomawa ba, don haka manyan motoci ke kwasa zuwa Legas da Ibadan da Anaca. An ga irin haɗarin da ke tattare da hakan a watan Fabrairun 2021, sa'ad da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tsada a kudu, a arewa kuma suka rasa mai saye, har wasu suka ruɓe. Kenan ga mai lambu a Sakkwato, sayayyar maƙwabta kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Sakamakon duk wannan ana ganinsa a jikin yara. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Sakkwato sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya jihar a kan gaba wajen talauci ta fuskoki daban-daban, da kimanin kashi 90 cikin 100 na jama'arta. Wannan kuwa a jihar da ke aika abinci zuwa sassan ƙasar da dama.

Shirye-shiryen gwamnati

Kusan kowace gwamnati ta zo da nata shirin. Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da Operation Feed the Nation a 1976. Gwamnatin Shehu Shagari ta biyo da Green Revolution a 1980 da nufin ƙasar ta ciyar da kanta, amma a zamanin ne kuma shigo da shinkafa daga waje ya yi ƙamari har aka kafa kwamitin shugaban ƙasa na musamman a kanta. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi, sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan samar da abinci. Bayan da hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, sai aka sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150. Farashin hatsi ya sauka a 2025, abin da ya faranta wa masu saye rai, yayin da manoma suka koka cewa taki da maganin feshi ba su sauko tare da shi ba.

Yawancin waɗannan shirye-shirye sun fi karkata ga shinkafa da alkama da masara. Gero da dawa, waɗanda su ne abincin yau da kullum a Boɗinga da Shagari, kuma su ne suka fi jure fari, ba su cika samun irin wannan kulawa ba, duk da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Ƙungiyar Slow Food, wadda Carlo Petrini ya assasa a Italiya a shekarun 1980, na daga cikin waɗanda suka fara fafutukar kare abincin gargajiya da ƙananan manoma. A Japan tun shekarun 1970, sannan a Amurka daga 1986, aka samu tsarin da iyalai ke biyan manomi kuɗi tun farkon shekara, shi kuma ya riƙa kawo musu abin da gonar ta bayar kowane mako. Amfanin tsarin ga manomi shi ne yana samun kuɗi a lokacin shuka, kuma idan shekara ta ɓaci ba shi kaɗai ke ɗaukar asara ba.

Ɗaya daga cikin hujjojin da ake kafawa a can, wato rage hayaƙin da jigilar abinci ke fitarwa, ba ta kai yadda ake zato ƙarfi ba. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2018 ya nuna cewa jigila na da kimanin kashi 6 ne kawai cikin 100 na iskar da harkar abinci ke gurɓatawa.

Misalin da ya fi kusa da halin da Sakkwato ke ciki shi ne na Brazil, inda wata doka ta 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen saye daga ƙananan manoma. Najeriya ta fara nata shirin ciyar da 'yan firamare da amfanin gida a 2016, aka kuma dakatar da shi a watan Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a domin gudanar da bincike.

Ruwa da tsaro

Abubuwa biyu na iya rusa lissafin shekara gaba ɗaya. Na farko shi ne ruwa, ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sannan ambaliyar watan Satumban 2010 ta shafe gonaki da ƙauyuka a fadamar Rima, har ta yanke hanyar zuwa jami'ar Sakkwato.

Na biyu shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun fi muni a gabashin jihar, a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda aka kashe mutane da dama a kasuwar garin a watan Oktoban 2021. Daga baya matsalar ta taɓa wasu ƙauyuka na kudancin jihar, ciki har da na Shagari. Gonakin da ke nesa da gari su ake fara bari, satar shanu kuma na rage nonon da ake dama fura da shi, da takin da garken Fulani ke bari a gona idan suka yi zango bayan girbi.